Ranar da Rigar Alhaji Ta Ba Mu Shaida

Har gobe ba zan manta da ranar da farar riga ta ceci aikinmu na shekara biyu ba. Lokacin ina ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje a wata makarantar kimiyya a nan Gusau, ƙarƙashin Dakta Lawali, mutumin Furfuri.

Kun san tsohuwar talabijin mai ƙaton baya? A cikin gilashinta akwai wata hoda da ke haske idan lantarki ya doke ta. To, Dakta so yake ya haɗa hodar da za ta ba da hasken da ido ba ya gani, irin wanda ake gane takardun jabu da shi. Ni ke niƙawa, in gasa a tanda, in shafa wa gilashi.

Sai na'urar auna hasken ta lalace. Shugaban sashe, Alhaji Sambo, ya ce ranar Alhamis zai zo, in bai ga komai ba a mayar da ɗakin sito. Ta yaya za ka nuna wa mutum abin da ba a gani? Wallahi hankalina ya tashi.

Ya iso da hantsi, daga wajen suna, cikin farar shadda. Na saki labule, na kashe fitila, na kunna wa gilashin hodarmu lantarki. Gilashi baƙi ƙirin.

Ya ce, "Wanga duhu kuka yi shekara biyu kuna haɗawa?"

Dakta ya fara bayani, Alhaji ya juya zai fita. Yana giftawa ta gaban gilashin sai rigar ta kama haske, shuɗi tar!

"Subhanallahi! Mi kuka sa mini?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, ba mu ba ne, mai wankinka ne." Garin sabulun wanki yana barin wani sinadari a farin yadi, wanda ke ƙyalli in irin hasken ya same shi. Na kashe, riga ta mutu. Na kunna, ta taso. Sau uku yana sa ni, yana dariya, sai da Dakta ya ja shi gefe, don irin wannan hasken yana cutar da ido.

Aka bar mana ɗaki. A ranar na gane cewa a aikinmu gaskiya kaɗai ba ta isa, sai ka samo mata abin da mai sa hannu zai gani da idonsa. Tun daga nan, har na yi ritaya, ban sake shiga gwaji babu farin hankici a aljihuna ba.