Baba Inusa, Mai Tsayawa Inda Ƙwallo Ke Faɗuwa

Sandunan golf biyar. Ƙwallaye arba'in da biyu a cikin tsohon buhun takin zamani. Ƙwarya ɗaya ta laka, an rufe ta da jiƙaƙƙen tsumma. Guntun jar fatar akuya, wuƙar dukanci, buta.

Kayan da ke cikin amalanken Baba Inusa ke nan, kuma amalanken ya riga ya wuce lambunan ƙarshe na Madarumfa, yana gangarawa inda tafki ya janye. Shi yana zaune a gefe, baƙin tabarau a fuska, igiyar jaki a sake a cinyarsa. Ba ya yi wa jakin magana. Jakin ya san hanya. Haka yake zuwa kowace Asabar da Lahadi, daga ƙarshen kaka har ruwa ya dawo, yau shekara shida. Makon jiya ya ajiye aikin. Babu wanda zai shirya masa taro ko ya ba shi takarda, shi ya sa na rubuta wannan.

Baduku ne ta gado. Yana saurayi ya tafi ci-rani Najeriya, ya ƙare a wani filin golf, yana ɗaukar wa manya jaka, yana gyara mariƙin sanda. Shekara talatin da ɗaya ya yi a can. Ya dawo da sanduna biyar da wani ya yar, ya buɗe shagon dukanci a bayan kasuwa, yana ɗinka kube da takalma. Babu wanda ya tambaye shi abin da ya sani, shi ma bai tallata ba.

Ni, Faruku, na dawo daga Maroko bayan shekara tara na karatun injunan ban ruwa. A can na koyi golf, ko kuma na ɗauka na koya. Nakan je bakin tafki ni kaɗai in buga. Cikin goma, bakwai sukan karkace dama su faɗa lambun albasa. Wata rana robar mariƙin sandata ta tsage, aka ce in kai wa baduku. Ya karɓa, ya bi mariƙin da babban yatsa daga sama har ƙasa.

"Wane ne mai ita?"

"Ni ne, Baba."

"Gaba kake yi da ita?"

"A'a."

"To mi ya sa kake shaƙe ta? Wajen dama ƙwallonka ke tahiya, ko? Ka bar wa mutane albasarsu."

Ban faɗa masa zancen albasa ba. Ƙila gari ne ya faɗa masa. Ƙila mariƙin ne.

Asabar ɗin da ta biyo ya zo da amalanke. Bai ce in buga ba. Ya ɗebi laka daga ƙwarya, ya shafe mariƙin sanda da ita kaurin fatar goro, ya ce in riƙe in kai bugu babu ƙwallo. Sannan ya karɓa ya shafa shaidar da yatsuna suka bari. Inda lakar ta lotsa, nan na matse. Inda ta goge, nan sanda ta zame a hannuna ban sani ba. Ya ce sanda a cikin yatsu take zama, ba a tafin hannu ba. Ya ce yatsu uku na ƙarshe na hannun hagu su ne masu aiki, hannun dama ɗan rakiya ne. Ya hana ni taɓa kowace sanda sai mai lamba bakwai har tsawon rani guda. Tsayuwa iri ɗaya, numfashi ɗaya, kallo ɗaya, sannan bugu. In na yi bugu mai kyau na waiwayo ina jiran yabo, sai ya ce, "Sa'a ce. Sake." Da ya ga shaidar lakar ta fara fitowa iri ɗaya sau uku a jere, sai ya naɗe mini mariƙin da jar fata daidai girman hannuna. Ba ta santsi ko gumi ya jiƙa ta.

Daga baya Kabiru mai kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya, ya shigo, mutum mai ƙarfi da surutu. Wasu ma sukan zo daga Maradi. Ba mu taɓa wuce bakwai ba.

Filin ba fili ba ne. Gindin tafki ne da ya bushe, ƙasa baƙa a tsattsage, babu itace, babu inuwa. Da hantsi ya ɗaga, iska takan tsaya cak. Balbelu sukan jeru a bakin ruwa daga nesa ba sa motsi. Babu tutar da za a nufa, domin duk turken da aka kafa, ƙasar ba ta riƙe shi. Saboda haka Baba Inusa yakan yi abin da ya ce haka ake yi a can a zamanin da ya fara aiki. Yakan tuɓe takalmi, ya ƙirga taku ɗari da arba'in, ya juyo, ya tsaya da farar rigarsa.

"Ku nufe ni," in ji shi ran farko. "Duk filin nan babu inda ya kai wurina aminci. Abin da kuka nufa shi kaɗai ne ba ku samu."

Muka yi dariya, domin gaskiya ce.

Daga nesa, cikin hucin rana, ƙafafunsa ba sa ganuwa. Rigar kaɗai ake gani, kamar an rataye ta a kan babu. Ka buga, ƙwallo ya tashi, ya faɗi, shiru ya dawo. Can muryarsa ta iso a makare. "Faruku, hagu ya saki." "Kabiru, ba tayar mota kake kwancewa ba." Ba ya kuskuren wanda ya buga. In mun ƙare, shi kaɗai yake tsince ƙwallayen, ba ya yarda a taya shi.

Aliyu masunci, wanda yake gyaran taru a kusa, ya taɓa tare ni a hanya. "Injiniya, ka lura tsohon nan ba ya duba ƙasa? Sama yake kallo. Ya miƙe kai tsaye, ya sunkuya, ya ɗauka. Arba'in da biyu, ko ɗaya ba ya ɓata. Ni dai ba ni zama wurin in ya fara." A gari ana cewa mutanen ruwa ne suke nuna masa. Mu da muka yi lakwal, makarantar boko, muka ce ƙwarewa ce. Duka ɓangarorin biyu mun gamsu da amsarmu, babu wanda ya je ya tambaye shi.

Wata Lahadi ya shafa lakar Kabiru, ya daɗe yana shafawa. Ya ce, "Wa ba shi da lahiya a gida?" Ashe mahaifiyar Kabiru ce, kwana uku a kwance, bai gaya wa kowa ba. Baba Inusa ya ce ya ajiye sanda ya je ya zauna wurinta, filin ba ya gudu. Ban yarda da duba ba. Abin da na gani nake faɗa.

Kai ne, Baba, ka ɗauki mutum bakwai masu taurin kai, kowa da kwalinsa ko motarsa, ka koya musu su sassauta yatsu. Kai ne ba ka taɓa cewa "da kyau" ba don ka faranta wa mutum. Baduku mai karanta hannu a jikin laka. Ka tsaya cikin rana inda ko akuya ba ta tsayawa, domin mu sami abin da za mu nufa.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne aikinsa yana ci. Shekarar farko ƙwallayena sukan watsu ko'ina. Ta uku suka fara taruwa gefe guda. Bana suka fara taruwa a kusa da shi. Duk gyaran da ya yi wa hannuna, matso da ƙwallon yake yi zuwa jikinsa. Na lura da haka. Na ce a raina ai yana gani, in ya zo zai kauce.

Asabar ta biyu a watan Maris, ni da Kabiru ne kawai. Na jera ƙwallaye goma na ƙarshe, da lamba bakwai a hannuna. Na farko ya faɗi taku uku a hagunsa. Na biyu taku biyu. Na biyar ya tarwatsa busasshiyar ƙasa a tsakanin ƙafafunsa. Na shida ya shafi hannun rigarsa, na ga rigar ta kaɗa. Bai motsa ba. Na ji daɗi. Wannan ma gaskiya ce, dole in rubuta ta.

Ina saita na bakwai sai wata mace ta fito daga wajen lambuna, da kwano a ka, ta ratsa filin ba ta sauri. Ta tsaya a gabansa, ta juyo tana fuskantarmu. Ɗelu ce, ɗiyarsa, mai suyar kifi a tasha. Muka ajiye sanduna muka tafi. Taku ɗari da arba'in yana da nisa in ana kallonka.

"Ku ci gaba mana, Injiniya," in ji ta. "Ga mu mu biyu. Ko ɗaya ku samu."

"Ɗelu, koma gida," in ji shi.

"Baba, yatsa nawa na ɗaga?"

Ba ta ɗaga komai ba. Hannayenta biyu suna riƙe da kwanon.

Ya ce, "Ukku."

Daga bakin ruwa balbela ɗaya ta tashi ta sake sauka.

"Tun azumin bara bai ga fuskata ba," in ji Ɗelu. "Ya sa na yi alkawari in yi shiru, na yi. Amma jiya yana alwala na ga wannan." Ta sauke kwanon, ta ɗaga ƙafar wandonsa. A ƙaurinsa akwai kumburi baƙi, a kewaye, girman ƙwan kaza. "Ya ce mini jaki ne. Jakin nan ko ƙuda bai iya shuri. Wane ne cikinku?"

Kabiru ya dube ni.

"Lamba bakwai ce," in ji Baba Inusa. "Lahadin da ta wuce, bugu na tara. Bugu ne mai kyau. Yatsun ba su saki ba."

Na tuna bugun. Na tuna ban ga inda ya faɗi ba, kuma muryarsa ta ɗan jima kafin ta iso.

Na ce, "Baba, me ya hana ka faɗa?"

"In na faɗa sai ku ji tausayina. Tausayi a hannu yake sauka, hannu ya koma rawa. Naka saura kaɗan ya zauna, Faruku. Na ce bari ya zauna tukuna."

"In da a kai ya same ka fa?" in ji Ɗelu.

"Da na san ya zauna."

Ba ta yi dariya ba. Ta kama hannunsa ta kai shi amalanke. Ranar ni da Kabiru muka tsinci ƙwallayen, da ido huɗu. Talatin da tara muka samu.

Laifin namu ne, kuma irin namu ne. Mun ga yana tuɓe takalmi, muka ce ladabi ne ga bayin Allah, waliyyan da ke kwance a kewayen tafkin, alhali da tafin ƙafa yake gane hanya. Mun ga tabarau, muka ce hasken rana. Mun ga ba ya kallon bugunmu, muka ce ya wuce nan. Ya fi shekara yana jin ƙarar sanda a kan ƙwallo, yana jin inda kowanne ya faɗi, yana riƙe wurare arba'in da biyu a kansa. Mu kuwa muna duba yatsunmu. Yana shafa hannunmu kowane mako, babu ɗayanmu da ya dubi idonsa.

Mun gode, Baba Inusa. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiya. Ba na cewa kowa ya tsaya a gaban ƙwallo, wannan kuskure ne, kuma na faɗa maka a gabanka. Amma duk mai koyar da wani abu a ƙasar nan, mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, ko makanike ko mai ɗinki, ya koyi sauraro irin naka, da haƙurin maimaita abu ɗaya har ya zauna a hannun ɗalibi. Wanda ake koya wa kuma ya riƙa ɗaga kai yana duban mai koya masa.

Bayan la'asar ɗin Lahadi muka same shi a shago. Ɗelu tana tattara fatu a cikin buhu. Ta ce yanar ido ce ta rufe masa gani, ran Litinin za ta kai shi wurin likitan ido a Maradi, daga nan su wuce Gabi wurin ƴan uwa ya huta. Yana zaune a bakin ƙofa, ƙafar a miƙe.

"Baba, in an gyara idon ai sai ka dawo," in ji Kabiru. "Ina da hular kwanon moto, sai ka sa a ka."

"Ƙaurin fa? Kana da kwanon ƙauri?"

"To ka matsa baya, taku ɗari biyu."

"Can naka ke faɗuwa in ka yi fushi."

Na ce za mu haƙa rami mu zuba siminti mu kafa ƙarfe, shi ya zauna a bayanmu kan kujera. Ya ce wannan sai a gani, in an ga gani. Ya dafa bango ya miƙe, ya laluba ya sami ƙyauren. Ɗelu ta miƙa hannu za ta taimaka, ya ture. Ya shiga, ya jawo ƙyauren ya rufe, muka ji sakata ta faɗa. Muna tsaye a waje, sai muryarsa ta fito daga ciki.

"Ba ni ƙara tsayawa gaban ko ɗayanku. Kun fara iyawa."