Samfurin Da Baba Ya Aiko Min

Ko zan manta da komai na zaman makaranta, wallahi ban da ranar da na yi kwafsin da ya fi kowane kwafsi, a gaban ajinmu kaf, kuma da babban yatsana na jawo wa kaina.

A shekarun nan ne da rayuwa ta yi tsada, shiga mota zuwa birni ma sai ka yi tunani sau biyu. Ina karatun aikin lab, wato ɗakin gwaje-gwajen asibiti, aka tura mu firaktikal, ni kuwa na zaɓi ƙaramin asibitin da ke kusa da ƙauyenmu ta wajen Rimin Gado, don da ƙafa zan riƙa zuwa. Wuta babu. Maikroskof ɗinmu tsoho ne mai madubi a ƙasa, sai ka kai shi bakin taga ka taro hasken rana. Ogana wani dattijo ne mara hayaniya, ni kuma rawar kai kamar me, komai na gani sai na ɗauka a waya na watsa guruf ɗin ajinmu.

Farkon daminar nan Baba ba ya jin daɗi. Mutumin da ke wuni a gona, ya koma sara kaɗan da fartanya sai haki, sai ya nemi gindin bishiya. Tafin hannunsa ya yi fari fat. Ga ciyawa tana neman cinye gero, ga shi gonar nan ce abincinmu na shekara. Inna ta ce shawara ce, ana ta jiƙe-jiƙe. Ni dai na san ba takalmi yake shiga gona, gonar kuma taki ce ta ko'ina, sai na zargi tsutsar nan da ke shiga ta tafin ƙafa, ta maƙale a hanji tana shan jini.

Matsalar, ni ce 'yar fari. Baba ko sunana ba ya faɗa, “yarinyar nan” ce ni har gobe. To ta ina zan ce ya ba ni bayan gidansa in duba? Ta wajen Inna na bi. Na ba ta 'yar roba mai murfi, na yi ta magiya kwana uku. Ranar ta huɗu ta miƙo min a ƙulle cikin leda, tana kallon gefe, wai ga saƙo.

Da gudu na isa lab. Na ɗiga ruwan gishiri a gilashi, na ɗan lakato da tsinke na dama, na rufe, na leƙa. Ba a jima ba sai ga su, ƙwayaye ƙwal-ƙwal, masu siririn ɓawo, cikinsu kamar an cura 'ya'yan gero. Na kusa tashi sama. Tun kafin Oga ya dawo daga zagayen ɗakin marasa lafiya na ɗora waya a bakin wajen leƙawar, ƙyas, na tura guruf. Na rubuta wai kamun farko, kowa ya zo ya kwashi karatu wajen manya. Nan take aka fara zuba min alamun wuta da tafi.

Oga ya zo ya leƙa. Ya daɗe. Ya ɗago, ya buɗe robar, ya ɗan sansana daga nesa, sannan ya dube ni.

“Wannan majinyacin naki, ciyawa yake ci?”

Na ce ban gane ba. Ya ce in sake leƙawa, in bar ƙwayayen, in kalli abin da ke zagaye da su. Ai kuwa zaren ganye ne birjik. Ƙwayayen ma, ya ce, sun ɗan ɗara na mutum girma, irin na tumaki ne, kamarsu ɗaya in ba ka lura ba. Sai a sannan na tuna ragon Baba yana ta zawo tunda ya samu ɗanyar ciyawa.

Wani ɗan iyayi a guruf shi ma ya harbo jirgin. Kafin azahar sunana ya koma likitar raguna. Dizgi iya dizgi. Na goge hoton, amma ina, an riga an adana.

Oga bai yi dariya ba sai da ya ji daga wajen Baba samfurin ya fito. Ya tambaye ni ko ni ce ta fari, na ce eh. Ya ce ai laifina ne, dattijo ba zai ce a'a ba, ba kuma zai bayar ba, sai ya nemi hanya ta uku. Ya ce in fita daga maganar, shi zai ji da Baba.

Ranar kasuwa ya aike ni can ɓangaren allurar yara in taya su, na daɗe. Da na dawo sai ya jera min gilasai biyar, ba suna, lamba kawai. Ya ce in ajiye wayar a aljihun rigata. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, a nutse wannan karon. A lamba huɗu na gan su, ƙanana, ba zaren ganye ko ɗaya. Sai da na duba sau uku na kira shi. Ya leƙa ya ce madalla, ya rubuta maganin tsutsa da na ƙarin jini. Na tambayi mai lamba huɗu, ya ce ba aikina ba ne.

Ban sake tambaya ba. Amma na ga ƙullin magani a cikin kwallar Inna, na kuma ga sabon takalmin roba a bakin zaure. Kafin gero ya fitar da kai, Baba ya koma wuni a gona, maimai ma shi ya yi abinsa.

Har yau bai taɓa tayar min da zancen ba. Sau ɗaya dai, ina shara a tsakar gida, na ji ya ce wa Inna, da ɗan ƙarfi yadda zan ji:

“Ki gaya wa yarinyar nan, ragon ma an ba shi nasa, ya gode.”

Inna ta yi dariya har da riƙe ciki, ni kuma na shige ɗaki da tsintsiyar a hannu.

Yanzu nakan karɓi ɗalibai a lab, kuma abin da na koya ranar nake fara gaya musu. Ka kalli duk abin da ke kan gilashin, ba abin da kake son gani kaɗai ba. Samfurin mutum sirrinsa ne, ba kayan guruf ba. Kuma in ka ga mara lafiya yana noƙewa, kada ka matsa masa, nemo wanda zai iya miƙa wa robar ba tare da ya sunkuyar da kai ba.