Hakin da ke kwanciya a ƙarƙashin ruwa

Ina koyar da kimiyya a Tambuwal lokacin da kuɗin mai suka fara isowa makarantu. Jihar Sakkwato sabuwa ce, kaya kuwa sai shigowa suke yi a mota, wasu ma ba mu san amfaninsu ba. Cikinsu har da wani akwatin gilashi na kiwon kifi. Shugaban makaranta ya dube shi ya ce, "Malam, wannan naka ne."

Na taɓa ganin irinsa a kwaleji, gabansa shimfiɗe da ɗan tsiro kore kamar darduma, kifi na yawo a sama. Tun da na tuna da wannan hankalina bai sake kwanciya ba.

Na fara da kiri-kiri daga bayan aji. Kwana shida ya ruɓe, ruwan ya yi wari, ɗalibai suna toshe hanci. Na ɗebo kainuwa, ta yi ta iyo a sama ta hana haske sauka. Bado kuwa ganye ɗaya ya cika akwatin. Ina cikin darasi sai idona ya koma kan rairayin da ke cikin akwatin, fari fat. In na koma gida ba na iya zama, ina ta kai da kawo. Matata ta ce ko tuwo a tsaye nake ci.

Ran Alhamis na hau babur na nufi Kebbe wajen kawuna, manomi ne mai 'yan shanu. Hanyar ta jijjiga ni har ƙashi. Ban gama gaisuwa ba na fara bayani.

"Zamna tukuna," in ji shi. "Mi kaka biɗa?"

"Kawu, tsiro nake so gajere, wanda ba ya tashi, sai dai ya bi ƙasa cikin ruwa."

"Haki? Tun daga Tambuwal don haki?"

Ya yi dariya har da tari, amma ya ɗauki sandarsa. Ya kai ni wani tafki inda shanunsa ke shan ruwa. Ni ina ta hangen tsakiya, shi kuwa ya tsaya a baki ya nuna ƙafata. Ashe a kansa nake tsaye: ɗan tsiro mai ganye huɗu ƙanana, ya yi sarƙa cikin taɓo, ruwa bai wuce idon sawu ba.

Na kai hannu zan tuge, ya buge min shi.

"Da taɓonai zaka ɗauka. In ka raba su ya mutu."

Muka yanko shi da fartanya kamar waina, na naɗe a jiƙaƙƙen buhu. Na ƙi kwana, ya yi fushi, na dai tafi.

Na dasa shi tsinke-tsinke cikin akwatin ta ɓangaren gaba, na jawo teburin da yake kai kusa da taga. Mako biyu bai motsa ba. Sau uku ina niyyar tuge shi. A mako na uku sai ga wani siririn reshe ya ratsa rairayi, da ganye biyu a bakinsa.

A hankali tsiron ya bazu, amma ya rufe ɓangaren taga kawai, ɗayan ya bar shi fili. Ina shirin juya akwatin ke nan takardar canjin wurin aiki ta iso. Malamin da ya gaje ni na tsayar da shi kusan awa ina faɗa masa yadda zai juya shi duk mako, direban da ya zo ɗaukata na ta danna min oda a waje.