Burodin Juma'ar Inna

Tun da Baba ya rasu, Inna ba ta taɓa barin Juma'a ta wuce ba ta gasa burodi ba. Shi ya koya mata. Yana saurayi ya yi aiki a wani gidan burodi a Maraɗi, da ya dawo Tasawa sai ya gina mata tanderu a bayan ɗakin girki, ya nuna mata yadda ake danne kwaɓi da gindin tafin hannu. Burodinsu ƴan ƙanana ne, kewayayyu, da tsaga biyu a ka. Bayan rasuwarsa ta mayar da su sadaka, a cika tire tun da hantsi a bi gida gida. Duk wanda ya ga tsagar nan biyu ya san na wane ne, kafin ya kai baki sai ya ce, "Allah ya jiƙan Malam." Wannan kalmar Inna ke nema. Duk wadda ta aika, tana dawowa za ta tare ta da, "Me suka ce?" Sai an maimaita mata sannan ta zauna.

Sai sanyin ƙashi ya kama mata hannu. Yatsun suka kumbura, suka karkace, har ɗaurin zane sai na taya ta. Wata safiyar Juma'a na iske ta durƙushe gaban kwano, ta nutsa hannu cikin kwaɓi ta kasa fiddo shi, hawaye na zuba. Wallahi ban taɓa ganin Inna tana kuka don ciwo ba sai ran nan.

Na ce, "Inna, tashi, ni zan yi."

Kayya! Ni da na ƙare rayuwata riƙe da alli ina koyarwa a lakwal, makarantar boko. Na murza, na naushi kwaɓin nan har kafaɗuna suka yi tsami, tana daga tabarma tana ta, "Ke, ba dambe aka ce ki yi da shi ba." Abin da ya fito daga tanderu, da za ka jefi akuya da shi sai ta ɗingisa. Na sake gwadawa, na kuma sakewa. Wani ya ƙone, wani ya ƙi tashi. Inna ta ce ba za a kai wa mutane wannan da sunan mijinta ba, kuma gaskiyarta.

Sai na je na sayo na gidan burodi, dogayen nan masu kama da sanda, na yayyanka, ƴar maƙwabta ta kai. Da ta dawo Inna ta ce, "Me suka ce?"

"Sun ce an gode wa Madam, Allah ya ƙara buɗi."

Inna ta juya fuska bango. Ni ce Madam ɗin. Mutane sun ɗauka albashi na karɓa nake rabon alheri.

Ƙanena da ke Yamai ya ji labari ta waya, ya ce, "Yaya, kwantar da hankalinki, an wuce wannan zamanin." Bai yi sati ba sai ga kwali a tashar mota. Inji ne fari, kamar ƙaramin bokiti mai murfi. Ka zuba fulawa da ruwa da gishiri da yis, ka danna, shi ya kwaɓa, shi ya jira ya tashi, shi ya gasa. Na yi murna har da guɗa, ni wawuya.

Ranar farko muka zauna muka sa shi gaba. Ya yi ta gurnani yana jujjuya kwaɓi, ƙamshi ya cika gida har ya haura katanga. Sai wajen azahar ya yi ƙara ya tsaya. Na buɗe. Burodi ɗaya ne tal, mai kusurwa huɗu kamar bulo, da rami a gindi. Laushi kam ba a magana. Inna ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Ina sauran?"

Babu sauran. In kana son na biyu sai ka sake zama har la'asar, in ma kuran, wato lantarki, bai ɗauke ba. Ya kuwa sha ɗaukewa, ya bar mana kwaɓi ɗanye a ciki yana tsami.

Duk da haka na yanka burodin siri-siri aka raba. Amsa ta dawo: wai wannan kek ɗin daga ina, Allah ya yi wa yaron nan na Yamai albarka. Raina ya ɓaci. Juma'ar da ta biyo na ɗauki tiren da kaina, ina shiga gida ina cewa, "Sadakar Baba ce fa." Nan take kowa ya ce, "Ayya, Allah ya jiƙan Malam," har da masu shafa fuska. Na dawo da saurina na faɗa wa Inna.

Ta ce, "Su suka faɗa, ko ke kika tuna musu?"

Na duƙa na aje tiren.

"To roƙo kika je yi, ƴar nan. Da can gani kawai suke yi su tuna."

Na fusata, na ce, "Haba Inna! Addu'a ai addu'a ce. Me kike so in yi? In sayo miki hannu a kasuwa?" Na shige ɗaki na yi kukana, don ni ma na san abin da take nufi, kuma ba ni da shi.

Na gwada ciro kwaɓin daga inji in mulmula ƙanana in sa a tanderu. Amma kwaɓin da yake iya ɗauka bai fi cikin ƙwarya ƙarama ba, ga tanderun Baba ya zo ya tsage da damina, wanda zai gyara shi irin yadda yake kuwa ban samu ba. Sannu a hankali Inna ta daina cewa a kai. Maƙwabta ba su da laifi, suna shigowa duba ta, su tambayi hannu, su tafi. Babu mai tambayar burodi, kowa na gudun kada ya fama mata.

Amma ba ta bari a mayar da injin cikin kwali ba. Kowace Juma'a sai ta ce in zuba masa fulawa in ajiye mata shi kusa da tabarma. Idan ya fara juyi sai ta ɗora hannuwanta biyu a kan murfin, wai ɗuminsa yana rage mata zogi. Ina daga bakin ƙofa ina kallon karkatattun yatsun nan suna rawa tare da shi.

Wata Juma'a da ya yi ƙararsa ya tsaya, na fiddo burodin na aje mata a faranti. Ta sa babban yatsa tana son ta yi masa tsaga a ka, ɓawon ya ƙi, yatsan ya lanƙwashe. Ta janye hannun ta sa cikin zane. Can ta ce, a hankali, "Allah ya jiƙan Malam."

Ta ɗan saurara, kamar wani zai amsa daga bayan katanga. Gidan shiru, ni kaɗai ce a tsaye. Na ce, "Amin, Inna."