Na Raba Ta da 'Yarta Saboda Dariya

A lokacin ina malamar firamare a Tsafe, kuma kowa ya san ni da riƙo. Ban iya yafiya ba, har alfahari nake yi da hakan. Yayana da ke zaune a Bunguɗu ya rasu bayan ciwon ciki na kwana biyu, ya bar matarsa da 'ya ɗaya mai shekara bakwai. Ranar sadakar uku, malam yana tsakiyar addu'a, sai matar ta fashe da dariya har da ƙyaƙyatawa. Ta toshe baki da mayafi amma abin ya ƙi tsayawa, a gaban Innarmu da hawayenta bai bushe ba.

Nan take na rantse sai ta ɗanɗana kuɗarta. Ta same ni a ɗaki tana rantsuwa cewa ba da sonta take yi ba, dariyar zuwa take kamar atishawa alhali zuciyarta kuka take. Tana faɗa tana dariya. Na bi gida gida ina cewa ita ta ba yayana wani abu ya ci. Mata suka daina shiga gaishe ta, ta yi takabarta ita kaɗai. Sannan na ɗauke yarinyar na kawo ta wurina, duk ranar kitso ina zuba mata a kunne cewa uwarta ce ta kashe ubanta. Da na ji matar ta fara tangaɗi in tana tafiya, ko ruwa ta sha sai ta ƙware, wallahi daɗi na ji. Na ce alhaki ne ya fara binta.

Ƙanenta ne ya kai ta asibiti a Gusau, aka sa su yi hoton kai. Likita ya ce ƙari ne ya fito a gindin ƙwaƙwalwarta, shi ya hana ta iya riƙe dariya, kuma an makara. Ƙanen ya aiko min cewa ba ta roƙon komai sai ganin 'yarta. Don girman kai sai da na ja mako biyu.

Ranar da na kai yarinyar, uwar ta miƙo hannu hawaye na zuba, sai dariyar ta ƙwace mata. Yarinyar ta ɓuya a bayana, ta ce in mayar da ita gida, ba za ta taɓa hannun da ya kashe babanta ba. Maganata ce, ko kalma ɗaya ba ta canza ba. Bayan kwana huɗu matar ta rasu.

Jama'a, in kun ga mutum yana dariyar da ta fi ƙarfinsa, ku kai shi asibiti kafin ku yanke masa hukunci. Kada kuma ku sa yaro cikin ramuwarku. Da yarinyar ta girma na gaya mata gaskiya da bakina. Ta saurara har ƙarshe, kuma tun ranar ba ta ƙara kirana Gwaggo ba.