Muryoyin da Yaya Bala Bai Gama Kwashewa Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Yaya Bala, kuma har yau in na ga kafar USB mai baƙin baki a jikin kwamfuta sai raina ya ɓaci.

Yayana ne, ciki ɗaya. A sashen adana tarihi na wata hukuma yake aiki nan Abuja. Shi ya yi ta yawon ƙauyukan Abaji da Sheda yana naɗar muryoyin tsofaffi, waƙoƙin noma da labarin kafuwar garuruwa. Har mahaifinmu ya naɗa, yana ba da tarihin ƙirar gidanmu. Duk a faifan kwamfuta guda aka tara su. Faifan kuwa ya tsufa, ya fara ƙas-ƙas, alamar ajali ya kusa. Dole a kwashe muryoyin zuwa wani faifan.

Ya sha yi mini bayani. Kwashe kaya ta baƙar kafa, in ji shi, kamar cika randa ne ta bakin buta. Shuɗiyar kafa ta fi ta sauri nesa ba kusa ba, amma kwamfutar ofishinsu ba ta da ita. In ko aka buɗe cikinta aka haɗa faifan kai tsaye da wayar ciki da ake kira SATA, yini ɗaya ya isa. Kusoshi kawai za a kwance. Sai dai masu kula da kayan ofis sun manna mata hatimi.

"Oga, a ba ni izini in buɗe," in ji Yaya. "Faifan nan mutuwa yake."

"Malam Bala, government property ne fa. Sai kwamiti ya zauna. Waya ai waya ce, yi maneji."

Ya yi manejin. Kwana da kwanaki ta baƙar kafa, a ɗauke wuta, ya sake haɗawa. Faifan ya mutu ba a kai rabi ba. Daga baya kwamiti ya zauna ya amince. Ihu bayan hari!

Da Yaya zai dawo ya ga faifan zamanin yau, ɗan mitsitsi kamar yatsa, mai gama wancan aikin kafin shayi ya huce, da ya yi murna. Da kuma ya ga ogan nan a talabijin yana jawabi kan adana tarihi, wataƙila shiru zai yi, don shi mai haƙuri ne. Ni ba ni da wannan haƙurin. Tsofaffin nan duk sun kwanta dama, kwamfutar kuwa tana jibge a wani sito a Idu, hatiminta lafiya lau.

Na taɓa yi masa faɗa, me ya hana shi fara kwashe na mahaifinmu? Ya ce amanar mutane ce a gaba. Abin da ya bari ke nan: jikokin wasu suna jin kakanninsu saboda shi. Ana cikin kwashe na mahaifinmu, faifan ya tsaya. Kowace shekara ina kunna ɗan abin da ya tsira.

"To Bala, ka kunna abin naka?"

"Na kunna, Baba."

Daga nan sai shiru.