Ɗanɗanon Sabulu a Bakin Baba

Ni ce mai wanke-wanke a gidanmu na Ƙofar Jatau shekarar da Baba ya fara cewa yana jin sabulu a abinci. Ina 'yar shekara goma sha biyar. Lokacin mun bar sabulun salo mun koma garin sabulu mai shuɗi da ake ƙullawa a leda, don ɗan kaɗan ke cika roba da kumfa.

Baba magatakarda ne a kotu, mutum marar ƙorafi. Wata safiya ya kurɓi kunu, sai ya ajiye ludayi.

"Wa ya ɗauraye kwanon nan?"

"Ni ce, Baba."

"Sabulu nake ji."

Inna ta ɗanɗana ba ta ji komai ba, amma ta yi mini faɗa. Famfonmu kan yi kwana huɗu bai kawo ruwa ba, saboda haka a ruwa ɗaya nake ɗauraye kwanuka duka.

Daga ranar sau uku nake ɗauraye kwanon Baba da ruwan rijiyar maƙwabta. Bai daina ji ba. Tuwo sabulu, shayi sabulu. Ya fara amai, ƙafafunsa suka kumbura. Gwaggonmu ta zo dubiya, ta kalli tafin hannuna da ya tsattsage ta ce, "Abin da ke cin hannu haka, ina ga hanji?" Inna ta zubar da sauran garin, muka koma wanke kwano da toka.

Wata huɗu muka yi muna fama da kwano, ba wanda ya ce a je asibiti. Sai da ya kasa tashi aka kai shi. Likita ya ce ƙoda ce, ta daɗe da lalacewa, kuma ciwon kan canja ɗanɗanon baki. Na tare shi a baranda na ce, "Likita, sabulu zai iya jawo shi?" Ya ce ba ya zato. Na so ya ce a'a kai tsaye.

Kwanan Baba tara a gadon asibiti ya rasu.

Inna ba ta taɓa cewa laifina ne ba. Amma bayan sadakar bakwai ta karɓe wanke-wanke daga hannuna, ta ce in riƙa yin shara. Har na yi aure ban sake wanke ko cokali a gidan ba. Ta rasu ban iya tambayar ta dalili ba.